Zangon Baba a Gidan Tururuwa

Asabar, da hantsi. Ƙarshen Sha'aban, 1984

Yau ma na buɗe rumbu na leƙa, na mayar na rufe. Damin yana nan inda Yaya Alhassan ya rataye shi kafin ya tafi Gidan Rumji haƙar rijiya. Shi ke nan abin da ya rage na zangon Baba, hatsin da kakanmu ya shigo da shi daga wajen Kaita, mai zangarniya tsawon hannun babban mutum. A kasuwar Gazawa in aka ce zangon gidan su Hayatu, ba a tambayar wane Hayatu.

Dokar gidanmu a kan iri tsohuwa ce. Ana raba shi uku: na shuka, na ko-ta-kwana, da na baɗi wanda ba a taɓawa. Na shuka ya tafi da ruwan farko. Ya tsiro gwanin sha'awa, rana ta gasa shi, ƴaƴan fara suka lashe abin da rana ta bari. Na ko-ta-kwana ya bi wani yayyafi da bai isa jiƙa riga ba, iska ta zo da rairayi ta yanke shi tun yana kunne biyu. Saura na baɗi. Ranar da Yaya zai tafi ya dafa bakin rumbun ya ce, "Hayatu, ko sama ta tsage, kak ka taɓa wanga. Ba naka ba ne, ba nawa ba ne."

Malaminmu Mushe Chindo na ajin yaƙi da jahilci ya ce mu riƙa rubuta ko mene ne don kada hannu ya manta. To ga shi ina yi. Ba aikin gona, bare hannun ya ce ya gaji.

Litinin, bayan la'asar

Shamuwa ta sauka a kan kukar bakin gari. Rabo maƙwabcina ya fita da sungumi shi da matarsa, suna binne, wato su zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa a can. Ya hango ni ina zaune a gindin gawo ya ce, "Hayatu, kai hatsinka cikin rumbu zai yi kai? Ka riƙa ba shi ruwa da ludayi." Na yi dariya don kada a ce na ji haushi. Na ji.

Na biya ta rugar Jaye. Kowane rani shanunsa ke kwana a gonarmu su bar mana taki, mu kuma mu ba shi hatsi da ruwan rijiyar garka. Haka ubansa ya yi da Baba. Bana shanun ƙasusuwa ne ke yawo cikin fata, kuma kullum da safe sai an ja wata an kai bayan tudu. Duk da haka yana gani na ya kira ni da sunan tsokanar da Fulani ke wa Bahaushe, ya ce, "Kaɗo, har yanzu kana jiran sama ta aiko maka da goro?" Uwarsa Inna Kadi tana kwance a inuwar bukka. Tun ina yaro take cika mini ƙoƙo da nono. Yau ta ɗaga hannu kawai ta ce, "Jam, Hayatu?"

Gonar ta sha taki kamar ba gobe. Ƙasa irin wannan a bar ta haka nan, abin yana ci mini rai.

Talata, da azahar

Tururuwa na kwashe ƙwansu daga ramin gefen gona zuwa kan tudu, layi guda, fari fat. Baba kan ce in ka ga haka, gyara rufin ɗaki. Ga hadari ya haɗu a gabas baƙi ƙirin. Ga azumi nan da kwana kaɗan, kuma wanda ya taɓa saran shuka da azumi a baki ya san abin da nake nufi.

Na faɗa wa matata Binta abin da ke raina. Tana tsinkar yakuwa ba ta ko ɗago ba ta ce, "Malam, kak ganin hadari ya sa ka yi wanka da kashi. Jira Yaya." Na ce Yaya yana cikin rijiya, ba ya ganin sama. Ta ce, "Shi ya sa ya hi ka hankali."

Matar nan bakinta ya fi barkono, ni kuma da kaina na je na nemo ta.

Laraba, da maraice

Na sauke damin. Binta ta ƙi kama taɓarya, da kaina na sussuka.

Alhamis, da almuru

An gama. Ni na sara, ni na zuba, ni na take. Ban rage ko cikin tafi ba, don na ce in za a yi a yi ta ƙare. Lissafina shi ne ruwan nan zai sauka yau ko gobe, Yaya ya dawo ya tarar da gona kore shar, in ce masa ga abin da ƙaninka ya yi kana can ƙarƙashin ƙasa. Har yadda zai riƙe baki na gani a raina.

Hadarin yana nan. An ce an ga wata.

Lahadi, da hantsi

Hadarin ya zo jiya. Iska ce zalla, ta kwashe rufin akurkin kaji ta wuce kudu da ruwanta. Ko ɗigo.

Talata, bayan azahar

Iskar ta share rairayin da na rufe ramukan da shi. Ƙwayoyin suna nan a fili, kuma tururuwa sun gani kafin ni. Na tarar da hanyarsu tun daga tsakiyar gona har ramin gefen geza, masu zuwa ba komai, masu komawa kowace da ƙwaya guda a ka. Na tattake su, na zuba toka mai zafi, na ja rami a kan hanyar. Suka kewaye. Na bi ramukan shuka ina tonawa da yatsa, a nan in sami ɗaya, a can babu. Inda tururuwa ba su kai ba, ɓeraye sun kai.

Daga baya na zauna ina kallon su, ƙishirwa ta manne mini harshe. Ba su gaggawa, ba su gardama, kuma ban ga wadda ta tsaya a hanya ta ci nata ba. Ashe ba ruwa suka hango ba da suke gyaran gida. Ni suka hango.

Alhamis, da safe

Babu ruwa. Binta ba ta ce ai na faɗa maka ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Asabar, da la'asar

Rabo ma binnensa ya tafi, amma shi irin kasuwa ne, ko yaushe ya ga dama zai samo wani. Ya zo yana jajanta mini kamar ba shi ya zuga ni ba. Kai, ba shi ba ne. Ba wanda ya kama hannuna.

Mata sun fara tonon gidajen tururuwa a daji. Tsofaffi sun ce rabon da a ga haka tun yunwar da ta wuce shekara goma. A haƙa har a kai ga rumbunsu, a kwaso abin da suka tara, a bakace, a daka. Mu dai muna da sauran jar dawar taimako da ganyen garka. A ruga ban san me suke buɗa baki da shi ba, ban kuma tambaya ba.

Litinin, bayan la'asar

Zan rubuta yadda aka yi, ba ragi.

Da hantsi Binta ta dawo daga rijiya ta ce Asta matar Jaye ta tone babban ramin gefen gonarmu tun asuba, kuma an ce ta samu.  Ban tafi nan take ba. Na jira sai da na sami Rabo da wasu mutum biyu na ce su raka ni. Na san dalilin da ya sa na nemi rakiya, ko da ban faɗa wa kaina ba a lokacin. Bafillace ba ya cewa yana jin yunwa a gaban mutane, ko zai mutu. Ba ya kuma jayayya a kan abin ci. Wannan filakon tun muna yara muke tsokanar su da shi.

Mun tarar da Asta tana bakace, hannuwanta sun kumbura da cizo har gwiwar hannu. A cikin faifan akwai ƴaƴan ciyawa iri-iri, ga kuma hatsi a ware gefe, bai wuce tiya biyu ba. Manyan ƙwayoyi masu ruwan toka. Ko cikin barci aka nuna mini na san zangon Baba.

Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo. Sannan na ce, "Jaye, irin gidanmu ne wanga. Shi kaɗai ya rage duniya. In na kai shi garka na ba shi ruwa da hannu, ko zangarniya goma na samu, bai ɓace ba."

Asta ba ta dube ni ba, faifanta ta gaya wa. "Abin rami na mai tono ne."

Gaskiya ta faɗa, kowa a wurin ya san haka ake yi. Abin da ya shiga gidan tururuwa ya fita hannun mai gona.

Jaye ya kira sunanta sau ɗaya, ta yi shiru. Ya dubi su Rabo, ya dube ni, ya yi murmushi. "Kaɗo, ɗauki abinka. Mu akwai nono."

Shanun suna tsaye a bayansa, hantsarsu kamar tsohuwar safa. Na gani, su Rabo ma sun gani. Na ce zan riƙa aiko musu da ganye daga garka, na shimfiɗa rawanina, Asta ta juye. Inna Kadi tana kallonmu daga bukka. Ban je na gaishe ta ba.

A hanya Rabo ya ce, "Ka yi sa'a." 

Talata, da maraice

Na tumɓuke yakuwar Binta da rabin kuɓewarta na yi fangali. Na zuba taki, na shuka, na rage ɗan kaɗan a ƙoƙo, don yanzu na koyi ragewa. Ruwan rijiyar garka ya yi ƙasa, wasaki na fitowa rabi ruwa rabi laka. Ganyen da na tumɓuke na ba Binta ta kai ruga. Ta dawo ta ce sun gode. Na ce me kuma? Ta ce, "Mi kake son su ce? Ganye ne."

Alhamis, da hantsi

Ban ruwa safe da yamma. Na kewaye fangalin da ƙaya, na barbaɗa toka a gefe saboda gara, na rataya tsumma saboda tsuntsaye. Wani babe ya sauka a kan shinge na bi shi har bakin hanya kamar mahaukaci. Azumi yana cin jiki.

Ban je ruga ba.

Asabar, da dare

Ya tsiro. Ƴan sirara kore a wurare da dama cikin fangalin. Na durƙusa na yi ta kallo har rana ta dake ni a ƙeya. Na kira Binta ta gani, ta duƙa, ta daɗe, ta ce Allah ya sa. Ni dai na san abin da na shuka. Yau na sha ruwa da daɗin rai, rabona da haka tun kafin azumi.

Gobe zan je ruga in gaya wa Jaye.

Lahadi, da la'asar

Ban je ba. Aiki ya yi yawa a garka.

Talata, bayan azahar

Mun dawo daga maƙabarta. Mu huɗu muka ɗauki Inna Kadi, amma mutum ɗaya ma zai iya. Jaye ya tsaya ƙyam yana amsa gaisuwa, idonsa a bushe, kamar yadda suke yi. Da na miƙa masa hannu ya riƙe ya ce, "Ka sha rana, Hayatu." Bai ce Kaɗo ba.

Tsohuwa ce, ta daɗe tana ciwo. Kowa ya faɗi haka, liman ma ya faɗa. Tiya biyu ba ta tsayar da ajali.

Binta ta ce matan ruga sun gaya mata tsohuwar kunu ta yi ta nema a kwanakin ƙarshe, kunun hatsi, cikinta ya ƙi karɓar ƴaƴan ciyawa. Ban tambaye ta ba. Ban san abin da ya sa ta gaya mini ba.

Laraba, da hantsi

Ban ruwa.

Juma'a, da safe

Jaye ya zo garka da shanun da suka rage masa ya shayar da su. Kaya a kan jaki, Asta tana can bakin hanya ta ba mu baya. Za su yi kudu. An ce iyaka a rufe take, ya ce saniya ba ta san jandarma ba, za su bi daji.

Ya leƙo ta kan shinge ya ce, "Ya hito?"

Na ce ya fito, na nuna masa.

Ya daɗe yana kallo, ya ce, "To madalla. Bai tahi banza ba." Na kawo kabewa ɗaya da ta fara nuna na ba shi. Ya ƙi, na matsa, ya ƙi, na ɗora a kan jakin da kaina. Akwai maganar da ta zo mini har maƙogwaro. Na ce masa Allah ya kiyaye hanya.

Litinin, da azahar

Tsiron nan ganyensa ya ƙi faɗi. Hatsi a waɗannan kwanaki ya kamata ya buɗe kunne ya yi kauri a gindi. Wannan sai rarrafe yake yi. Wataƙila lakar rijiya ce.

Talata, da hantsi

Ƙarangiya ce. Cikin takin ta zo. Binta ta gane tun ranar farko, yau ta ce ba ta da zuciyar faɗa mini.

Na tone fangalin da hannu. Ƙwayoyin suna nan inda na sa su, sun kumbura sun ruɓe, ba wadda ta fasa. Na koma gida na ɗauko ƙoƙon da na rage, na fito rana na zuba a tafi ina dubawa ɗaya bayan ɗaya. Kowace ƙwaya an gutsure mata hanci, daidai inda tsiro ke fitowa. Tururuwa ba su ajiye hatsi da rai, don kada ya tsiro musu a ɗaki in damshi ya shiga. Ina jin na taɓa jin haka a bakin tsofaffi. Ranar da nake ruga launin na duba, ban duba hancin ba, don idona ya rufe.

Wato tun a faifan Asta ba iri ba ne. Abinci ne kawai.

Alhamis, da maraice

Na ba Binta abin da ke cikin ƙoƙon ta dama. Ta dama, ta ajiye a gabana da aka kira salla. Na kasa. Ita ma ta kasa. Ta kai wa matar Rabo mai jego.

Asabar, ranar salla, bayan an sauko idi

An yi salla. Rawanina guda ne, shi na naɗa, ya yi mini nauyi a ka. Liman ya yi addu'ar ruwa har muryarsa ta dushe, na ce amin tare da kowa, amma ina tsoron ruwan. In ya sauka Yaya zai dawo.

Na bi ta inda rugar take. Turaku, da toka, da ramin da Asta ta tona. Tururuwa sun riga sun buɗe sabuwar ƙofa a gefensa.

Laraba, da safe

Ya sauka jiya da yamma, ruwa na sosai. Na tona ƙasa har gwiwar hannu ban kai ga busasshiya ba. Shinge, ƙwarin nan na bayan ruwa, ya tashi ko'ina, kaji suna ta wawaso, kwaɗi sun dawo da surutunsu kamar ba su taɓa barin gari ba. Gari duk ya fita da sungumi, masu iri da masu aron iri. Gonarmu ta yi baƙi, tana ƙamshi, takin shanun Jaye ya jiƙu.

Na tsaya a bakinta da hannu biyu a baya. Da na sani ƙeya ce, haka ake cewa, amma ni tawa a gabana take shimfiɗe.

Juma'a, bayan la'asar

Yaya Alhassan ya sauka daga kamiyo, babbar motar kaya, da hantsi. Ya rame, tafin hannunsa duk ya tsage. Ya sha ruwa, ya gaisa da mutanen gida, bai zauna ba ya nufi rumbu, yana cewa ko bana ta ƙi, mu dai muna da na baɗi. Na bi shi a baya. Ya buɗe ya leƙa, ya daɗe kansa na ciki.

A nan gindin rumbun na gaya masa, tun daga shamuwa har ƙarangiya. Na so ya zage ni. Yaya yana da zafi, ya taɓa marina a kan igiyar guga. Da na faɗi maganar binne ya runtse ido kawai. Da na zo kan ruga ya ɗago.

"Da mutane ka tahi?"

Na ce da mutane.

"Gaban su ka tambaye shi?"

Na ce gabansu.

Ya zauna a kan turmi ya cire hula ya riƙe. Can ya ce, "Iri kan ƙare, Hayatu. Na gidaje da yawa ya ƙare bana, na gani da idona tun daga Cadakori. Amma da ka bar musu, da sai mu ce zangon Baba ya ƙare cikin tsohuwar da ta shayar da mu."

Ya miƙe. Ya mayar da hularsa, ya tambayi Binta ta wace hanya su Jaye suka bi. Ta nuna masa kudu, ya tsaya yana kallon wajen, ruwan ranar Talata ya shafe sawun.